Kanta Daidai Hannun Hajiya

A gefen birnin Hull, can arewa maso gabashin Ingila, akwai wani dattijo mutumin Zariya da ya shekara fiye da arba'in a ƙasar. Karatun haɗa magunguna ya kai shi a cikin 1978, da niyyar ya yi shekara uku ya koma gida, Allah bai nufa ba. A cikin 1983 ya je gida aka ɗaura masa aure, ya tafi da amaryarsa, suka zauna, suka haifi 'ya'ya uku, ya yi aiki har ƙarfi ya fara ja da baya ya ajiye. 'Yan masallaci Malam suke ce masa, matar kuwa tun da suka sauke farali kowa Hajiya yake kiranta, har shi kansa maigidan. To, wannan dattijo shi ne wani ɗan kabad na tufafi, wanda faɗinsa bai cika ƙafa biyu ba, ya ci wa hunturu guda cur, ya kuma sa shi yin aiki ɗaya sau biyu.

Asalin maganar tun cikin 2019 ne. Wata rana da safe Hajiya tana haɗa shayi sai kofi ya suɓuce daga hannunta, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Da yake Malam ya san aikin asibiti, bai tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe ba, nan take ya kira motar asibiti, domin ya san ciwon shanyewar ɓarin jiki, wanda toshewar jijiyar jini ko fashewarta a ƙwaƙwalwa ke kawowa, ba ya son jinkiri ko na minti ɗaya. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Bayan wata biyu ta koma gida, magana ta dawo sannu a hankali, ƙafa ta yarda ta taka da sanda, amma hannun dama ya ƙi. A gefen hagu na ƙwaƙwalwa abin ya same ta, shi kuwa gefen hagu shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki. Saboda haka macen da ta shekara talatin tana tsawata wa yara kada su karɓi abu da hagu, sai ga ta da hagu take ci, da hagu take miƙa wa baƙo ruwa, tana ba da haƙuri kowane lokaci. Likitoci murna suke yi hagun ya koyi aiki. Ita kuwa kunya take ji, kuma wanda bai tashi a gidan Hausawa ba da wuya ya gane nauyin wannan kunya.

Daga nan tafiyar jirgin sama ta gagara, zuwa gida da suka saba yi duk shekara biyu ya tsaya. Sa'an nan annobar korona ta zo a cikin 2020 ta kulle kowa a ɗaki. Duniyar Hajiya ta zama daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bakin taga. Da aka buɗe gari sun gwada kwana a otel sau ɗaya, ba ta ji daɗi ba, ga matakala, ga makewayin da ba ta saba da shi ba, ga idon mutane a wurin cin abinci. A nan ne 'yar autarsu ta kawo shawarar a sayi ɗakin tafi-da-gidanka.

Ga mai karatun da bai taɓa ganinsa ba, wani ɗan ɗaki ne a kan tayoyi, ana maƙala shi a bayan mota da ƙugiya a ja shi duk inda aka ga dama. Turawa suna kiransa karaban. A cikinsa akwai gado da kujerun zama da murhun gas da firij da ɗan makewayi, duk a filin da bai kai ɗakin haya ɗaya ba. Mutanen Birtaniya sun daɗe da wannan al'ada. Tun a cikin 1885 wani likitan sojan ruwa da ya bar aiki, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irinsa a Bristol, dawakai suka ja shi har ƙasar Sikotilan don yawon shan iska kawai. A cikin 1907 masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyarsu, wadda tana nan har yanzu, kuma a cikin 1919 kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera waɗanda mota ke ja. Hull ɗin da Malam ke zaune kuwa, ita da ƙauyukan kewayenta, ita ce cibiyar wannan sana'a a Birtaniya, a unguwa ba a rasa wanda ya taɓa cin abinci da ita.

Da farko Malam ya ƙi. Ya ce, "Auta, ni da gidana, a tsufana in koma kwana cikin akwati?" Ta ce, "Baba, ai ba don kai ba ne. Gadon Umma ne da tukunyarta da wurin alwalarta za su riƙa bin ta duk inda ta je." Wannan magana ita ta kashe bakinsa. A cikin 2021 ya sayi wani na hannu, ɗan shekara goma, mai tsabta, ya ajiye shi a gefen gida. Cikin watan Agusta suka ɗaura shi a mota suka nufi wani filin zango kusa da Bridlington, kimanin mil 30 daga Hull, a bakin Tekun Arewa.

Komai na ɗakin nan an yi shi da dabara, sai dai kabad ɗin tufafi, shi kam ba da Bahaushe aka yi shawararsa ba. Tsawonsa kamar ƙafa biyar, faɗinsa inci 22, zurfinsa inci 20. A can sama an gitta sandar ƙarfe guda ɗaya ta rataye kaya. A ƙasa akwai wani tudu, watau rufin tayar da ke ƙarƙashi, a lungun baya kuma ga sandar eriyar talabijin ta sauko daga rufi. Shi ke nan abin da ke ciki. Wanda ya zana shi kwat yake tunani, da riguna masu hannu da ake ratayewa a hanga. Bahaushe kuwa ba ya rataye tufafinsa na kirki. Babbar riga ninke ta ake yi bayan an kai ta bugu, a kwantar da ita. Zane da atamfa da leshi da gyale da ɗankwali duk ninkewa ake yi a jera, tun zamanin adaka har zuwa akwatunan lefe na yau. Saboda haka da Auta ta shirya musu kaya, sai ƙafa huɗu na sama suka tsaya fayau babu komai sai sanda, kaya duka suka taru a ƙasa a kan tudun taya, na miji da na mata, an ɗora wani kan wani. Mil talatin na girgizar hanya suka ishe su. Ko da aka isa aka buɗe ƙofar kabad, sai tulin ya zubo waje gaba ɗaya.

Yinin farko ya yi daɗi. Hajiya ta zauna a bakin teku an lulluɓe ta da bargo, ta ga jiragen masunta, har ta yi dariya da wani tsuntsu ya fizge wa Malam soyayyen dankali daga hannu. Da asuba ne abin ya ɓaci. Ta tashi tana so ta sake tufafi kafin salla, ta buɗe kabad, kaya suna can ƙasa. Mai sanda a hannun hagu, hannun dama ba ya motsi, ba ta da halin sunkuyawa, in ta saki sandar kuma faɗuwa za ta yi. Ta daɗe a tsaye, sa'an nan ta ce, "Malam, don Allah ka taimaka mini." Ya tashi da sauri ya durƙusa, ya shiga zaro kaya ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama yana tambaya, "Wannan? Ko wannan?" Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa sa hannu a akwatinta ba, ko a asibiti ma'aikata mata ne da Auta suke yi mata wannan hidima, a gida kuma durowarta tana daidai hannunta. Abin da take nema ɗin kuwa ba irin wanda mace mai shekarunta za ta ambaci sunansa ba ne. Sai ta ce, "Bari kawai." Ta yi sallarta da kayan jiya. Ba ta ƙara wata doguwar magana ba har suka kamo hanyar gida, a mota ne ta ce, "Malam, a sayar da abin nan." Auta ta ɗauka sanyin teku ne ya dame ta. Shi dai gogan naka ya san abin da ya faru, bai ce uffan ba.

Bai sayar ba. Da sanyi ya fara shigowa sai ya ƙudura zai yi wa kabad ɗin kantoci. Shi ba kafinta ba ne, amma yana ganin mutumin da ya shekara talatin yana auna magani ba zai kasa auna katako ba. Ya je kanti ya sayo katakon nan da ake yi da garin itace a matse, mai kaurin sulusin inci biyu da ɗoriya, irin wanda ake kantocin littattafai da shi. Ya cire sandar rataya, ya raba tsawon kabad ɗin daidai wa daida, ya yanka kanta biyar, ya ƙara durowa biyu masu gudu a kan ƙarfe, ya ɗaure kome da dogayen sukuru. Mako uku yana yi. Aikin ya yi kyau a ido, har ya ɗauki hoto ya aika wa 'ya'yansa. Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi, wasu sukurun sai juyawa suke yi ba su kama komai, guda ɗaya kuma ya huda bango ya leƙo ta cikin makewayi.

Yana da wani maƙwabci Bature, tsoho, wanda ya yi shekara talatin yana aikin kafinta a ɗaya daga cikin masana'antun nan. Tsohon ya daɗe yana jin ƙarar zarto ta kan shinge, ranar nan dai ya kasa haƙuri ya zagayo. Ya duba kantoci, ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, ya ɗaga durowa ɗaya ya ji nauyinta, sa'an nan ya ce, "Maƙwabci, aikinka ya yi ƙarko, zai shekara ɗari a gidan da ba ya motsi. Amma kafin mu yi magana, loda kayanku kamar za ku tafi, ka je ka hau sikeli."

Dalilin wannan magana shi ne, kowane irin wannan ɗaki yana da wani ɗan allo a kusa da ƙofa, an rubuta nauyinsa yadda ya fito daga masana'anta, da iyakar nauyin da aka yarda ya kai in an loda shi. Na Malam kilo 1,150 ne babu kaya, iyakarsa kuwa kilo 1,300. Watau kilo 150 ke nan rak aka bar wa mai shi, kuma a cikinsu ne za a fitar da batir, da ɗan injin da ke tura ɗakin ya shiga wurin ajiyarsa, wanda tsoho kamar Malam ba shi da makawa sai da shi, da rumfar da ake kafawa a gefe, da tukwane da kwanoni da barguna da abinci da tufafi. Batir da inji kaɗai sun cinye kilo 55. Malam ya ga allon nan tun ranar da ya saya, bai dai taɓa zama ya yi lissafi ba. Ya ja ɗakin zuwa sikelin auna motoci, ya biya, aka miƙo masa takarda: kilo 1,334. Da ya koma gida ya ciro kantocinsa da durowoyinsa ya ɗora su a sikelin wanka ɗaya bayan ɗaya, suka ba da kilo 27. Ashe wurin ajiye tufafin ya fi tufafin nauyi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jan ɗakin da ya wuce nauyin da ke kan allonsa laifi ne a dokar ƙasar, kuma in hatsari ya auku kamfanin inshora yana iya ƙin biya. Ban da doka ma, akwai maganar inda nauyin ya zauna. Tsohon ya zana masa a bayan ambulan. Ɗakin kamar sikelin 'yan kasuwa yake, tayoyi su ne tsakiya. Ana so kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa, daidai kan tayoyi, kuma gaban ɗakin ya ɗan danne ƙugiyar mota da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinsa duka. In nauyi ya koma baya, ko ya hau sama, to ranar da wata tirela ta wuce da iskarta, ɗakin zai fara lilo a bayan mota kamar wutsiyar kifi, lilon yana ƙaruwa, har ya kai ga kada motar da ke jansa. Irin wannan haɗari ne ya sa doka ta tsayar wa mai jan ɗaki gudun mil 50 a awa a kan hanya mai falle ɗaya, mil 60 a kan tagwayen hanyoyi. Kabad ɗin Malam kuwa yana ɗan bayan taya, kuma kanta biyu daga cikin biyar ɗin suna can sama.

Sa'an nan tsohon ya koya masa yadda bangon yake. Bangon waje falle uku ne a manne: farin ƙarfe marar nauyi a waje, farin soso mai tare sanyi a tsakiya, kaurinsa kamar inci ɗaya, sai wani siririn katako a ciki wanda bai fi kaurin kwali ba. Wannan bango ba a huda shi ko kusa, domin in ruwa ya sami hanya ya shiga, a ɓoye zai riƙa ruɓar da katako, ba za a sani ba sai bango ya yi laushi. Bangon kabad kuwa holoƙo ne, siraran falle biyu a kan firam, shi ya sa sukuru ke juyawa a banza. Ana neman firam ɗin ne da ƙwanƙwasawa, inda sauti ya toshe nan itace yake. Kuma kafin a huda ko'ina sai an bi sawun wayoyin lantarki da bututun gas an ga inda suka bi. Malam ya tuna da sukurun da ya leƙa makewayi, ya je ya duba, ya tarar tsakaninsa da wata waya bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya yi shiru, ya yi hamdala.

Duk wannan gyara ne na kafinta, kuma cikin kwana biyu sun san abin da za su saya. Sai tsohon ya yi wata tambaya da ba ta kafinta ba. Ya ce, "Wa zai riƙa ɗaukar kaya daga nan?" Malam ya ce matarsa. Ya ce, "To, da me ka auna tsakanin kanta da kanta?" Malam ya ce da tsawon kabad, ya raba biyar. Tun kafin ya rufe baki ya ji kuskurensa. Kantoci biyu na sama hannunta ba ya kaiwa, biyu na ƙasa sai ta sunkuya. Mako uku ya yi yana aiki dominta, bai auna ta ba ko sau ɗaya. A nan ya tuna da wata ma'aikaciyar asibiti da ta zo gidansu bayan an sallamo Hajiya, mai koya wa marasa lafiya yadda za su koma yi wa kansu hidima. Ita ce ta sa aka sauko da kayan shayi daga sama, ta ce duk abin da ake buƙata kullum a ajiye shi tsakanin ƙugu da kafaɗa. Har ta ja shi gefe ta ce ya rage yi mata komai da komai. A lokacin ya ji haushin maganar, yana ganin Baturiya ba ta san jinya irin ta Hausawa ba. Gaskiya kuwa tana wurinta. Mai jinya yakan fi son ya yi da kansa, don ya fi sauri, kuma ana yaba masa, shi kuwa majinyaci kowace hidima da aka karɓe masa wani yanki ne na girmansa ya tafi, ba ya kuma iya kuka da wanda ke kyautata masa.

Matsalar ita ce Hajiya ta riga ta ce ba ta ƙara taka ɗakin nan. Saboda haka Malam ya koma awo a ɓoye. In ta miƙa hannu ta ɗauko gwangwanin shayi, sai ya lura da wurin, in ta fita ya zaro tef ya auna daga ƙasa. In ta zauna a bakin gado, ya ƙiyasta inda kafaɗarta take a jikin bango. Rana ta uku ta juyo ta kama shi tsaye a bayanta da tef a miƙe. Ta dube shi, ta dubi tef, ta ce, "Malam, awon likkafani kake yi mini?" Ya ce, "Subhanallahi! Hajiya, wace irin magana ce wannan?" Dole ya fayyace mata kome, har da kilo 27 da sukurun makewayi. Ta yi dariya har da hawaye, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Da ta nutsu ta ce, "In awo kake so, ai sai ka tambayi mai hannun."

Ranar wata Asabar cikin Janairu na 2022 ya kunna na'urar ɗumama ɗakin tun da safe, Auta ta riƙe ta ta hau. Ashe bakin gado yana fuskantar kabad ɗin, in ta zauna a nan ba ta buƙatar sanda, hannun hagu ya sami 'yanci. Wannan bai taɓa faɗo wa Malam a rai ba, don shi kullum a tsaye yake aikinsa. Ya ba ta alli, ta miƙa hannu sama iyakar inda ba ta jin ciwo ta ja layi, ta sauke ƙasa iyakar inda ba sai ta karkata ba ta ja wani. Tsakanin layin biyu inci 26. Ta kuma nuna musu cewa ƙofar tana buɗewa ne ta gefen da ke tare mata hannu, tsohon kafinta ya ce wannan mai sauƙi ne, ya mai da maƙalan ƙofar ɗaya gefen.

Aikin na biyu kwana huɗu ya ci. Suka sayo katakon nan mai falle-falle na wani itace marar nauyi da Turawa ke kira fofla, kaurinsa rubu'in inci. Suka manna siraran sanduna a bangon kabad na dama da na hagu da gam, suka ƙarfafa su da gajerun sukuru a daidai firam, kantocin suka zauna a kansu ba tare da an taɓa bangon waje ba. A bakin kowace kanta suka kafa ɗan katako mai tsayin inci biyu, yana hana kaya zamowa a hanya, yana kuma hana siririn katakon lanƙwasa. A baya suka bar tazarar inci ɗaya, suka huhhuda kantocin, domin numfashin mutane da tururin girki suna zama raɓa a jikin bango mai sanyi, kabad ɗin da iska ba ta zagaya shi kuwa fumfuna yake sa wa tufafi, kuma leshin Hajiya ba na wasa ba ne. Suka yanke gurbi a kowace kanta don sandar eriya ta riƙa hawa da sauka. Maimakon durowa suka sa kwanduna na yadi masu maɗauki a gaba, waɗanda yatsa biyu ke iya jawowa. Kanta uku suka shiga tsakanin layukan allin nan, ɗaya a sama da su. Da aka ɗora duka a sikeli, kilo biyar da rabi.

Saura rabon wuri, kuma a nan ne aka yi ciniki. Kantoci ukun na Hajiya ne, babu gardama. Malam ya sami ta sama da tudun taya. Ta sama ba ta ɗaukar abu mai nauyi, sai huluna da 'yan riguna marasa kauri, ƙasa kuwa takalma. Manyan rigunansa uku na shadda masu aiki, da ya tafi da su Bridlington bai sa ko ɗaya ba, suka rasa wurin zama, haka littattafansa da suka kai kilo tara. Ya zaɓi littafi ɗaya da riga ɗaya. Ita ma daga zane goma sha huɗu ta sauko zuwa shida, tana ɗaga kowane ɗaya tana faɗin bikin da aka saye shi dominsa kafin ta ajiye shi gefe. Malam yana zaune da sikeli da ɗan littafi, yana rubuta kowane abu da nauyinsa kamar yadda ya saba rubuta magani. Da aka zo kan tukunyarta ta dalma da ta zo da ita daga Zariya, da muciya da maburgi, ya ce akwai tukwane marasa nauyi a ɗakin. Ta ce, "Tuwo ba ya yin daɗi a gwangwani. Tukunyata ba ta zama." Ya duba littafinsa, ya mai da rumfa cikin but ɗin mota, tukunya ta sami shiga. Ya sake komawa sikelin motoci, takarda ta nuna kilo 1,281.

Cikin watan Mayu na 2022 suka sauka a wani zango kusa da Flamborough, inda ƙasa ta kutsa cikin teku, ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ga kuma duwatsun Bempton da dubban tsuntsayen teku ke yin sheƙa a jikinsu a wannan lokaci na shekara. Da suka isa Malam ya fara buɗe kabad, kome yana inda aka sa shi. A can arewa dare gajere ne a watan Mayu, wajen ƙarfe uku alfijir ya keto. Malam yana kwance ya ji motsi a bakin gado, sa'an nan ya ji ƙarar maɓallin ƙofar kabad. Ya rufe ido ya daidaita numfashi kamar mai barci. Ya ji an jawo kwando ɗaya, an mai da shi, an jawo wani. An daɗe, domin sa tufafi da hannu ɗaya ba aikin gaggawa ba ne, sau biyu yana jin kamar ya tashi ya danne zuciyarsa. Can sai ya ji sanda ta taɓa ƙafarsa.

"Malam, tashi, lokaci ya yi."

Ya tashi yana murza ido. Tana zaune cikin atamfa ruwan ganye da hijabi, ta riga ta yi alwala. Yana neman takalmansa a ƙasan kabad sai ta ce, "Kantar tsakiyar nan ta matse da ta sama. In na jawo kwando yana gogar bayan hannuna."

Ya ce, "Da yawa?"

Ta ce, "Kamar inci ɗaya."

Bayan sun idar da salla ya ɗauko ɗan littafinsa, ya buɗe shafin kabad, ya rubuta a ƙasan lissafin: a sauke ta tsakiya da inci ɗaya.